Mato Mai Kusu

Duk wanda ya yi aiki a wani babban siton shinkafa da ke Dubai Investments Park tsakanin 2010 da 2014 ya san Mato, ko da magana ba ta taɓa haɗa su ba. Shi ne dogon mutumin nan mai tsagen Gobirawa a kumatu, wanda kan fito ta ƙofar baya da sassafe riƙe da bokitin fenti mai murfi, ya nufi wajen zuba shara yana tafiya a karkace saboda ciwon baya. Kowa ya san abin da ke cikin bokitin, shi ya sa ake kauce masa a hanya.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Tibiri, a jihar Maraɗi ta Nijar. A can ba ɓera suke cewa ba, kusu suke cewa, kuma har ya bar Dubai bakinsa bai saba da ɗaya sunan ba. Mahaifinsa, Malam Ado, shi ya koya masa tsaron rumbu tun kafin a sa shi lakwal, wato makarantar boko, inda ya yi 'yan shekaru ya tsinci Faransancin da bai wuce na gaisuwa da ƙirga ba. Aikin ba shi da wuyar faɗi. A warware wayar birkin keke, a zaro sili ɗaya, a yi masa zarge, a ɗaure ƙarshensa a tsumagiyar sabara da aka kafa a ƙasa aka tanƙwaro, a maƙale ta da ɗan tsinke a bakin rami. Kusu na zuro kai tsinken ya goce, tsumagiya ta miƙe, zarge ya shaƙe shi. Wuyar tana wajen sanin inda za a ɗana.

A kakar 2004 fara ta cinye musu gonaki, yunwa ta biyo baya. Rumbu ya zama babu abin tsaro a cikinsa, sai Mato ya kwashi wayoyinsa ya shiga daji. Gafiya da kurege da duk abin da Allah ya jefo, da su ya riƙe matarsa Sauda da 'ya'yansu. Duk da haka sai da suka binne autarsu kafin gero ya nuna. Bayan wannan zaman ƙauye ya fita daga ransa. Ya yi dako a kasuwar Maraɗi, ya yi a Kano, har wani Alhaji ɗan garinsu mai ofishin kago a unguwar Al Khabaisi ta Dubai ya nema masa biza, don ya riƙa ɗaure kayan 'yan kasuwa yana lodi.

Ya sauka a farkon 2009, daidai lokacin da kasuwar garin ta karye. Gine-gine sun tsaya rabi da rabi, ƙarafunan ɗaga kaya sun sandare a sama ba mai juya su, masu sayayya daga gida sun ɗauke ƙafa. Shekara ba ta zagayo ba Alhajin ya rufe ofis ya koma. Kafin ya tafi ya yi masa ƙoƙari, ya miƙa shi ga wani kamfanin kayan abinci da ke neman leburori. Ta haka Mato ya tsinci kansa a bayan gari, inda masana'antu suka ƙare yashi ya fara, yana sauke buhunan shinkafa da wake da sukari daga kwantena tare da mutanen Bangaladash da na Nefal da ba ya jin ko kalma ɗaya ta bakinsu.

Siton na da ɓeraye kamar kowane sito. Akwai masu feshi da kamfani ya ɗauka, sukan zo su jera baƙaƙen akwatuna masu guba a jikin bango ta waje. A ciki kuwa, kusa da abinci, doka ta hana guba. Allunan gam suke shimfiɗawa, ƙurar shinkafa ta rufe gam ɗin kafin gari ya waye, ɓeraye su bi ta kai su wuce. Kullum da safe sai an ware buhunan da aka huda, manajan siton, wani Ba'indiye mai yawan riƙe kai, ya tsaya a kansu yana faɗa da kowa da ba kowa ba.

Ba wanda ya sa Mato. Wata rana ya tsinci tsohuwar wayar birki a bayan gareji, hannunsa ya fara warware ta kafin ya yi tunani. Sabara ce babu, sai ya yanko ƙarfen nan mai laushi da ake ɗaure manyan kaya da shi, ya ga yana tanƙwaruwa yana miƙewa kamar tsumagiya. Ya bi gindin bango da ido har ya gano baƙin maiƙon da jikin kusu ke bari a hanyar da ya saba bi. Ya murza wayoyin da dusar shinkafa don su bar warin hannu, ya ɗana, ya tafi. Da safe ya jera abin da ya samu a bakin ƙofa. Manajan ya duba, ya toshe hanci, ya ce da guntun Larabcinsa:

"Zen, ya yi kyau. Kullum haka. Yalla, kwashe su daga nan."

Daga ranar aka rage masa dako. Da yamma ya ɗana, da asuba ya zagaya, sai rana ta ɗaga ya koma cikin masu sauke kaya. Ranar da masu duba tsafta za su zo, a ce masa ya kwashe komai ya ɓoye. Bayansa ya ɗan samu sauƙi, ya gode wa Allah a kan wannan.

Amma aikin ba mai daɗi ba ne. Ɓerayen siton manya ne, sun ƙoshi, ba irin kusun rumbu ba. Ba duka waya ke kamawa a wuya ba. Wani takan kama shi a ƙugu, Mato ya tarar da shi da rai yana jan ƙafafun baya, ya cinye duk abin da bakinsa ya kai gare shi, yana wani kuka siriri kamar na jinjiri. Wani ya ciji ƙafarsa har ya gutsure ta ya gudu ya bar ta a zarge. Mato na da guntun bututun ƙarfe na ƙarasa su. Yakan yi bisimilla a hankali, ya buga sau ɗaya, ya kawar da kai. A gida abin da ya kama ko dai abinci ne, ko ɓarawon abincin 'ya'yansa. Nan kuwa ba ko ɗaya, kisa ne kawai, gobe ma a sake.

Abokan aiki suka sa masa Abu Far, wato uban ɓera. A masaukin ma'aikata, inda gadaje ke hawa kan juna, 'yan ɗakinsu suka nuna masa da hannu cewa takalmansa da kayan aikinsa su riƙa kwana a waje. Ya yarda, don da gaskiyarsu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne cin abinci. Sukan zauna a ƙasa su kewaye tire ɗaya, in ya matso sai wani ya ɗebo masa a faranti daban ya tura masa gefe. Ko sau nawa ya wanke hannu da sabulu haka ne. Mutumin da tun tasowarsa bai taɓa sa hannu a ƙwarya shi kaɗai ba, ya koma cin abinci yana kallon bango.

Ana haka aka canza masu gadin ƙofar baya. Wata safiya yana wucewa da bokitinsa ya ji an ce:

"Sannu da aiki, Masa."

Ya tsaya cak. Rabon da ya ji Hausa ba ta cikin waya ba har ya manta. Mai maganar wani gajere ne kakkaura cikin kakin gadi, fuskarsa cike da fara'a. Sunansa Abukari, ɗan Zangon Kumasi a ƙasar Gana. Tsagen fuskar Mato ya gani ya gane nasu ne. Hausarsa irin ta Zango ce, mace ma "ya zo" yake ce mata, yana yi yana tsoma Turanci da yaren Asantawa, kowane namiji kuma Masa ne a bakinsa, wato maigida.

"Me ke ciki da kowa ke gudunka?"

"Kusu ne," in ji Mato.

Abukari ya ɗaga murfin da kansa, ya leƙa, ya yi dariya. "Asantawa ma kusie suke cewa. Ashe dangi ne. Kai, waɗannan sun fi ni cin shinkafa."

Da azahar ya kira shi ɗakin gadi. Ya jiƙa garin rogo a roba, ya zuba wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito, ya tura robar tsakiya. Mato ya tsaya yana jiran a ba shi nasa daban.

"Yaya, sa hannu mana. Ko sai na yi maka katin gayyata?"

Mato ya sa hannu. Yajin ya sa shi hawaye, ya bar Abukari ya ɗauka yajin ne kaɗai.

Bayan wani lokaci kamfanin gadin ya mayar da Abukari aikin dare a wani dogon bene cikin gari, sai ya kama gado a unguwar Satwa. Gidan tsohon gidan Larabawa ne mai tsakar gida, an yayyanka ɗakunansa da katako har ya ɗauki mutane fiye da kima. Wani ɗan Gana mai suna Sherif shi ya karɓi hayar gidan gaba ɗaya yana sakawa da fitarwa, ya kuma ware ɗaki guda yana ajiye wa 'yan kasuwa kaya kafin a yi lodinsu. Akwai wata dattijuwa a gidan, Memuna, kowa Mma yake ce mata. Shara take yi a wani ofis, ranar Juma'a kuma ta ɗora tukunya ta dafa shinkafa da wake ko tuwo, 'yan Zango daga ko'ina su zo su ci su yi hira.

A shekarun baya an rushe gidaje da yawa a layin don wani babban gini da aka yi niyya, kuɗi suka ƙare, aka bar filaye da tarin ɓaraguzai. Ɓerayen gidajen da aka rushe suka dawo cikin waɗanda suka rage. Suna bi ta kan masu barci, suna cin sabulu, sun taɓa cizon Mma Memuna a yatsan ƙafa. Ita ce ta ce wa Abukari ya kawo mata wannan yayan nasa da yake ba da labari.

Haka Mato ya samu wurin zuwa. Ranar Alhamis in an tashi aiki ya hau bas ya hau jirgin ƙasa, ya iso Satwa wajen magariba da wayoyinsa da filaya a jakar leda. Ya ɗana a kicin da makewayi da gindin bango. Abukari na fita gadi, shi ya kwanta a gadonsa. Da asuba ya kwashe abin da ya kama ya kwance tarkunan duka, don kada wani ya mutu a waya ya ruɓe kafin mako ya zagayo. Abukari ya dawo da safe su sha shayi, ya ɗan runtsa, su tafi masallaci tare, su dawo su tarar Mma ta sauke tukunya. Ba ta taɓa ba shi faranti daban ba. "Ɗana, matso," take cewa, ta ƙara masa nama a gefensa. Kusan shekara biyu ana haka, kuma in ka tambayi Mato zamansa na Dubai, waɗannan Juma'o'in ne kawai zai ce ya zauna. Sauran duk aiki ne.

A bayan gadon Abukari, can ƙasan bangon da ya raba ɗakinsa da ɗakin ajiyar Sherif, akwai rami da hannu zai shiga. Nan ne tarkon Mato bai taɓa kwana banza ba. Wata rana Abukari ya samo ɗan siminti a leda zai toshe.

"Bar shi, ƙanena," in ji Mato. "In ka toshe wannan za su huda wani inda ban sani ba. Hanyar da na sani ita ce ke ba ni su."

"Wato ni da su mu ci gaba da raba ɗaki."

"Su ba sa minshari."

Abukari ya yi dariya ya ajiye simintin, har ya daskare a ledarsa.

Ɓerayen sun ragu, amma ba su ƙare ba, kuma ba za su ƙare ba muddin ɓaraguzan na nan. Wata rana suka shiga dilar leshi ta wata Hajiya a ɗakin ajiya suka yi sheƙa a ciki suka haihu. Hajiyar ta wanke Sherif tas a gaban mutane. Da Mato ya zo a makon, Sherif ya tare shi a tsakar gida.

"Malam Mato, wannan tarkon naka shwayya shwayya ne, kaɗan-kaɗan. Ka kama biyar, goma su haihu."

"Haka abin yake. Ba a gama kusu, rage shi ake yi."

"Ni kuwa gamawa nake so. Khalas. Zan nemo hanya."

Mato ya ɗauka shinkafar ɓera zai sayo ya barbaɗa. Ya ce masa kawai ya nisanta ta da kicin ɗin Mma. Sherif ya ce ya ji.

A tsakiyar 2014 ne, ana saura kaɗan a kama azumi, zafi ya kai inda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Kayan azumi suka yi ta shigowa sito, ranar Alhamis ɗin manaja ya hana kowa tafiya. Mato ya kira Abukari ya ce ba zai samu zuwa ba sai gobe.

"Ba komai, Yaya. Ni ma cikina ne ke ɗan juyawa tun da na tashi barci, ina jin wani abu na ci. Ka zo da wuri, Mma zai yi tuwo da miyar ayoyo."

Washegari da hantsi ya isa. Tun daga bakin ƙofa ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ɓeraye a fili tsakar gida, a mace, cikin rana, ba waya a wuyan ko ɗaya. Kyankyasai birjik sun juya ciki sama. Kyanwar maƙwabta na kwance a gindin famfo, bakinta a buɗe. Ga wani wari kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Warin nan ya san shi. Shi ne ke fitowa daga wasu kwantenonin hatsi masu hoton ƙoƙon kai a ƙofa, waɗanda ake buɗewa a bar su su sha iska, a kori kowa daga wurin kafin a shiga.

Mma Memuna na zaune a ƙofar ɗakinta da roba a gabanta, ko tukunya ba ta ɗora ba.

"Ɗana, tun jiya kaina ke juyawa. Duk gidan amai ake yi."

"Ina Abukari?"

"Yana ciki. An dawo da shi daga wajen aiki, wai ya kasa tsayuwa."

Ya waiga ya ga ƙofar ɗakin ajiya an bi gefunanta duka da salatif mai faɗi, har ramin makulli. Ya ajiye jakarsa ya tura ƙofar Abukari. Ɗakin a rufe ruf, na'urar sanyi na aiki, warin ya ninka na waje. Abukari na kwance da kakinsa, leɓunansa sun yi baƙi, gumi mai sanyi ya jiƙa shi. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Yaya, ƙirjina. Kamar an ɗora mini buhu."

Mato ya ja gadon don ya samu wurin ɗaga shi. Da gadon ya matsa sai ga ramin a buɗe, warin na hurowa ta cikinsa har yana taɓa masa ƙafa. Ya dube shi sau ɗaya. Sannan ya durƙusa ya saɓa Abukari a baya kamar yadda ya saba saɓa kaya, ya fita da shi, yana ce wa duk wanda ya gani ya bar gidan. Ya kwantar da shi a inuwar shagon wani tela a tsallaken titi, ya koma ya kamo hannun Mma. Telan ne ya kira motar asibiti. Kafin ta iso Abukari ya nemi ruwa, Mato ya tallafi kansa ya ba shi. Ya sha kaɗan, ya riƙe hannun rigar Mato bai saki ba sai da ma'aikatan asibiti suka ɓamɓare yatsunsa.

'Yan sanda suka zo, tare da wasu masu rufaffiyar fuska da tulun iska a baya. Suka yanke salatif ɗin suka shiga, suka fito da faranta ɗauke da wasu ƙwayoyi masu launin toka, rabinsu sun zama gari. Ƙwayoyin feshin hatsi ne, waɗanda in sun sha iska suke fitar da guba, an haramta sa su a inda mutane ke kwana. Wayar Sherif a kashe. Wani jami'i ya tambayi mutanen gidan da ke tsaitsaye a titi wa ke kula da ɓeraye a nan. Idanu duk suka juya kan Mato. Ba ƙeta suka yi masa ba, gaskiya ce. Aka buɗe jakarsa aka ga waya da filaya. Aka duba katinsa aka ga a siton hatsi yake aiki, inda irin waɗannan ƙwayoyi ba baƙi ba ne. Aka ce ya shiga mota.

Tafintan da aka kawo masa wani dattijo ne Basudane, jikan Hausawan da suka yada zango a hanyar Makka ba su ƙarasa komawa ba. Shi ya gaya masa, bayan an gama tambayoyin rana ta biyu, yana tattara gilashinsa:

"Abokin naka Allah ya yi masa rasuwa. Zuciyarsa ce ta tsaya. Sauran suna samun sauƙi."

Mato ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya nemi a bar shi ya je wanka da jana'iza, aka ce ba zai yiwu ba. Dangin Abukari sun yarda a binne shi a can, 'yan Zango suka kai shi.

Bai ɓoye wa masu bincike komai ba. Ya faɗi yadda yake ɗana tarko, ya faɗi maganarsu da Sherif, ya faɗi ramin da ya hana a toshe. Tafintan ya dube shi ya ce a hankali, "Malam, ba a tambaye ka wannan ba." Mato ya ce ya fassara hakanan. Jami'in ya saurara, ya ce bangon katako ne daga sama, akwai kafofi ta ko'ina, iskar za ta shiga ko da rami ko babu. Mato ya ji, amma bai san ko don a kwantar masa da hankali aka faɗa ba. Abin da ya sani shi ne kan gadon na daidai bakin ramin, kuma a gidan duka mutum ɗaya ne ya mutu. Wani tunanin kuma da ya fi wannan nauyi shi ne, da manaja ya sake shi ranar Alhamis, da ya ji warin tun da magariba.

A tsare ya yi azumi, a tsare ya yi sallah ƙarama da babba. Mma Memuna da ta warke ta je da ƙafarta ta ba da shaida cewa ta ga Sherif ranar Alhamis da safe tare da wasu mutum biyu, suna ɗauke da gwangwani da salatif, Mato kuwa ba ya nan. Daga baya aka kama Sherif a wani gari kusa, a ɗakin wani abokinsa. Bai yi gardama ba. Ya ce masu maganin sun rantse masa ɓera kawai yake kashewa, in dai an liƙe ƙofa. An ce a kotu kuka ya yi ta yi har aka fitar da shi. Aka ɗaure shi.

Mato ya fita daga zargin kisa, amma bai koma bakin aiki ba. Kamfani ya riga ya sallame shi, kuma aikin da yake yi a Satwa, ko da tuwo ake biyansa, aiki ne a wajen wanda ba shi ya kawo shi ƙasar ba. Aka ce zai koma gida. Mma ta zo ganinsa kafin tafiya, gilashi a tsakaninsu, ta rame, ta tsufa a 'yan watannin.

"Ɗana, ka yafe mini. Ni na sa aka kira ka gidan nan."

"Ba ki yi mini komai ba sai alheri, Mma."

"An rufe gidan. Kowa ya watse."

Sai aka ce lokaci ya yi.

A farkon 2015 aka raka shi har ƙofar jirgi da kayan jikinsa da 'yar jaka. Ya sauka Yamai, ya hau mota zuwa Maraɗi, ya ƙarasa ƙauye a bayan babur. Sauda ta fito ta gan shi, furfura ta cinye kansa, ya ƙara karkacewa, ta karɓi jakar ba ta tambaye shi komai ba. Mutanen gari suka yi ta zuwa sannu da zuwa suna satar kallon kusurwar ɗaki ko akwai akwatuna. Da suka ga babu, suka rage zuwa. Bayansa ba ya ɗaukar dako kuma, sai ya samu wuri a kasuwar hatsi yana ɗinkin buhu. Labarin Dubai in an tambaye shi yakan ce gari ne mai zafi, ya ja bakinsa.

Da damina ta sauka ya koma gona. Wata rana yana noman fari Sauda ta biyo shi da waya a hannu, ta ce wata tsohuwa ce ke ta kira daga Gana, Hausarta wata iri. Ya jingina hauya ya karɓa.

"Kai ne Mato? Ni ne Asama'u, uwar Abukari. Memuna ya ba ni lambarka."

Ya durƙusa a kan kunya kamar tana gabansa, ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya. Ta amsa da muryar da ta riga ta gaji da amsawa.

"An ce kai ka ɗauke shi a bayanka."

"Ni ne, Mma."

"Ya yi magana?"

"Ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Sannan ya nemi ruwa."

"Ka ba shi?"

"Na ba shi. Ya sha."

"To, alhamdu lillahi," in ji ta. "Tun yana ƙarami ba ya jure ƙishirwa." Yana jin kukan kaji da hayaniyar yara a bayanta. Can ta ce, "Ka san inda kabarinsa yake? Ina so in san ko akwai itace kusa, ko inuwa."

"Ban sani ba, Mma. Ina tsare aka kai shi."

"Memuna ma bai sani ba, mata ba sa zuwa. Waɗanda suka kai shi kuma an ce duk sun bar ƙasar." Ta ja numfashi. "To wa zai riƙa je masa?"

Mato ya ce Allah ya kai haske kabarinsa, ta ce amin, ta sa masa albarka, ta ce ya gaida iyali. Wayar ta katse. Ya miƙa wa Sauda, ta tsaya tana dubansa ko zai ce wani abu. Ya ce mata ta koma gida, hadari na haɗowa. Shi kuwa ya zauna a kan kunyar bai tashi ba, har yayyafi ya fara sauka a kan geron.